Kaset ɗin Yaya Dogara

Duk ɗan kasuwar Kano da ya taɓa sauka Guangzhou, wato Gwanzu kamar yadda bakinmu ya sassaƙe sunan, in ya ce bai san Alhaji Munkaila ba to bai zo ba, mafarki ya yi. Shi ne dattijon nan siriri mai furfura a gemu, da jakar goyo irin ta 'yan makaranta, wanda za ka tarar a bakin otal a titin Liuhua tun ƙarfe takwas yana duba agogo yana tsaki. Shekararsa goma sha tara a garin. Aikinsa rakiya ne. Ya karɓi baƙo, ya kai shi Baima ko Shisanhang inda ake sarin tufafi, ya yi masa ciniki da Sinancin kasuwa, ya ja zaren ɗinki ya ga ko zai biyo hannu, ya tsaya a kan kaya har a ɗaure. In mai shago ya ce masa "meyo", wato babu, sai ya ja kujera ya zauna ya harɗe ƙafa, har babun ta gaji ta koma akwai.

Ba shi da fara'a, wannan kowa ya shaida, amma ba a taɓa kama shi da cin amana ba. Abu ɗaya ne baƙinsa suka kasa gane kansa. Akwai wata baƙar riga a Shisanhang mai hoton wasu Turawan Ingila su biyar, gashi har kafaɗa, makaɗan wani kiɗa na da can mai ƙarar tsiya. Samarin Kano na sonta ba su ma san ko su wane ne ba, in za su yi salla su juya ta bai-bai. Munkaila ba ya taɓa rigar nan. Baƙonsa na tsayawa a gabanta zai ce yana jiransa a bakin lifta. Wani Bamaraɗe mai tsokana ya taɓa ce masa, "Alhaji, ko surukanka ne?" Bai yi dariya ba.

Ga yadda aka yi.

Su biyu mahaifinsu ya haifa maza, a Fagge, gidan tela. Dogara ne babba, ya ba Munkaila shekara shida. Dogara mutum ne da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya: kwanon abinci ganga ne, murfin keken ɗinki ganga ne, bayan ƙaninsa ma in ya samu ganga ne. Yana ɗan shekara ashirin ya ci karo da kiɗan Turawan nan a wani shago a Sabon Gari, shi ke nan aka rasa shi. Ya san su ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan unguwarsu. Ga mawaƙin da ke tsala ihu kai ka ce ƙofar mota ce ta datse masa yatsa, ga mai jita da ba ya kallon kowa, ga mai babbar jita da ke tsaye a baya kamar an aiko shi, ga mai ogan, ɗan'uwan fiyano. Amma na Dogara shi ne mai gangar. Ya ce duk sauran huɗun a bayansa suke cin abinci. Kuma kada a yi wa Munkaila ƙarya, a lokacin shi ma yana so. Duk abin da yayansa ke so yana so.

Dogara ya shiga wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a otal-otal na Sabon Gari. Mahaifinsu bai tsine masa ba, bai kore shi ba, shiru kawai ya yi, shirun nan da ya fi duka ciwo. Aka yi masa aure da wata yarinya Yalwa ko zai natsu, bai fasa ba. A shekarar 1986 ƙungiyar ta tafi Jos wasa na mako guda, ciwon tsohon ya tashi a bayansu. Kwana biyu yana tambaya ko Dogara ya dawo. Ranar Laraba da hantsi ya cika, kafin la'asar an rufe shi, Dogara ya iso ranar Juma'a da sandunan kiɗa a aljihun baya. Aka yi sadakar bakwai Munkaila ya ɗauki jakarsa ya tafi Kwatano wajen masu gwanjo, ko sallama bai yi masa ba.

Yaran yanzu ba su san wasiƙar kaset ba. A zamanin nan, wanda rubutu bai dame shi ba sai ya zauna gaban rikoda ya yi sallama ya faɗi abin da ke ransa, ya naɗe kaset ɗin a takarda ya ba direba. Kuma kaset ba ya zama a hannun wanda aka aika wa. Ka saurara, ka ɗora amsarka a kai, ka mayar ta hannun direban da ya kawo. Haka kowa ke yi, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Bayan wata goma sha ɗaya direba ya kawo wa Munkaila kaset. Yana warware takardar ya ga rubutun Dogara a jiki, sunan Turawan nan biyar. Ransa ya ɓaci tun kafin ya ji komai. Wato har saƙon ma a kan kiɗan da ya hana shi ganin gawar ubansa zai aiko? Sai da shekaru suka ja sannan ya gane cewa mutumin ba shi da abin da ya fi ƙauna kamar kaset ɗin nan, shi ya ɗauka ya goge don ya yi magana da ƙaninsa. Amma a ranar bai gane ba. Ya saurara sau ɗaya. Dogara ya yi magana kusan minti goma sha biyar, ya nemi gafara, ya ce Yalwa ta sauka an samu mace, an sa mata Saude, ya zo ya ga 'yarsa. Munkaila ya mayar da zaren farko, ya danna jan maɓalli, ya buɗe baki. Abin da ya faɗa ba na maimaitawa ba ne. Magana zarar bunu ce.

Kwana tara direban ya dawo ya miƙo masa kaset ɗin a takardar da ya naɗe shi, ba a ko warware ba. Sanƙarau ne. Kwana uku ya yi wa Dogara, an rufe shi kafin motar ta shiga Kano.

Da Munkaila ya iya sa kaset ɗin a rikoda, ya tarar zaginsa ya cinye maganar yayansa kaf, sai ɗan abin da ya rage a wutsiya, inda shi ya gaji ya kashe. Daƙiƙa goma sha ɗaya, ya ƙirga. Muryar Dogara na cewa, "...to shi ke nan, ƙanena. Na ji an ce ka rame, ka dinga cin abinci. Allah ya sada mu da alheri." Daga nan sai ƙas, sai kiɗan Turawan ya ɓarke daga ƙasa inda gogewar ba ta kai ba. Kafin ganga ta sauka sau biyu ya kashe.

Haka ya yi ta yi shekara talatin da takwas. Kwatano, Legas, Dubai, Gwanzu, kaset ɗin na cikin safa a ƙasan akwati. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya rufe ƙofa, ya ji daƙiƙa goma sha ɗayan nan, ya kashe kafin kiɗa, ya mayar da zaren da biro daidai wurin, ya sake ji. Nasa ɓangaren bai taɓa sake saurara ba, na Turawan kuwa ko da wasa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar suna Kano, ya je Makka sau biyu, amma in zai ci abinci shi kaɗai a ɗakinsa sai ya ji kamar ana tsaye a kansa ana duba ko zai cinye. Tsoro yake ji, kuma ba ya so abin ya daina.

Ita Saude a hannunsa ta tashi, don Yalwa ba ta daɗe ba ita ma. Ya yi mata duk abin da uba ke yi, har da ƙari. Kuskurensa ɗaya, tana 'yar shekara tara ta tambaye shi yadda muryar babanta take, bakinsa ya suɓuce ya ce yana da ita a kaset. Tun daga ranar ba ta bar maganar ba. Shi kuma kullum kaset ɗin na wani gari. In shi yana Kano, kaset ɗin na Legas. In ta ce ya taho da shi, ya manta. Ina zai kai kunyar ya ce mata ubanta ya yi magana minti goma sha biyar, har da sunanta a ciki, shi ya bi ya shafe da zagi?

Rana ba ta ƙarya. A watan Maris ɗin bana ta kira shi ta ce ta samu biza, za ta biyo wasu mata 'yan Kantin Kwari sarin dogayen riguna a Baima.

"Baffa," ta ce, "wannan karon ni zan zo inda kaset ɗin yake."

Ya ce Allah ya kawo ta lafiya. Ya yanke shawara zai saita zaren daidai wurin, ya ba ta daƙiƙa goma sha ɗayan ta ji, ya ce sauran ya lalace. Ƙarya ce, amma ƙaramar ƙarya, a ganinsa.

Wanda bai zauna Gwanzu a watan Maris ba bai san laima ba. Bango na gumi, madubi na gumi, rigar da ka shanya Litinin ranar Alhamis tana nan jiƙe tana wari. Ana saura kwana biyar Saude ta sauka ya sa kaset ɗin don ya gwada. Dogara ya ce "to shi ke nan", sai muryar ta lanƙwashe, sai wani ƙara kamar ana tauna leda. Ya buɗe da sauri. Zaren ya naɗe a ƙarfen rikodar, ya cukurkuɗe, ya tsinke. Munkaila ya zauna a bakin gado da abin a tafin hannunsa, ya ji yau ne aka yi masa rasuwar.

Wani mai shagon maɓallai ne ya yi masa kwatancen wani mai gyaran kaset, Lao Fan, a hawa na uku na wata tsohuwar kasuwar kayan lantarki a Liwan, can ƙurya bayan masu gyaran fanka. Mutum ne mai kamar shekara hamsin da biyar, da sanƙo a gaba da ɗan gashi ɗaure a ƙeya. Munkaila na shiga shagon ya ja da baya. Ga su nan a bango su biyar, hoton ya koɗe, suna kallonsa.

Lao Fan ya karɓi kaset ɗin, ya karanta rubutun jiki, ya ɗago da murmushi kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ce shi ma a kaset ya san su. Lokacin yana saurayi, kaset ɗin da Turawa suka kasa sayarwa sai su tsaga musu gefe da zarto, a turo su nan lardin a matsayin sharar roba. Su kuma samari su tsince, su buɗe, su liƙe zaren, su saurara. A nan ya koyi gyara. Ya shiga nuna hoton da sukundireba, wannan ya yi faɗa da wannan ya fita, wannan an kore shi, bayan shekaru suka shirya suka dawo, suka sake ɓatawa, suka sake dawowa da furfurarsu. Ashe su sun samu lokacin dawowa, in ji Munkaila a ransa.

"Lawban," ya katse shi, haka ake kiran mai shago a nan, "ba kiɗan na zo nema ba. Muryar yayana ce a ciki. Ya rasu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kunya ta hana shi cewa murya biyu ce a kaset ɗin, kuma wacce ta fi yawa ba ita ake nema ba. Lao Fan ya daina murmushi, ya ce ya ba shi mako guda.

Saude ta sauka ranar Talata. Mace ce doguwa mai shekara talatin da takwas, mai 'ya'ya huɗu, kuma in tana jiran a kawo mata samfur sai ka ga yatsunta na bugun teburin shago, ita ba ta ma sani ba. Kwana biyu yana yawo da ita a Baima ba ta ce masa kaset ba, shi ma bai ce ba. Ranar Alhamis da azahar Lao Fan ya kira ya ce a zo, murya ta fito tangaran. Munkaila ya yi hamdala a tsakiyar kasuwa. Ya ɗauka wutsiyar nan aka ceto.

Lao Fan ya ba Saude kujera, ya zuba musu shayi a 'yan ƙananan kofuna, ya ce ya kwashe komai ya zuba a kwamfuta, yanzu ko sau dubu aka ji ba abin da zai ci. Ya danna.

"Assalamu alaikum," in ji wata muryar saurayi, garau kamar jiya aka ɗauka.

Saude ta dafe ƙirji, hawaye ya zubo mata. Ta ɗauka shi ne.

"Dogara, na ji saƙonka," muryar ta ci gaba. "Ba zan ce maka yaya ba, don ba ni da wa."

Munkaila ya gane muryarsa ce. Ya so ya ce a kashe, Sinancin shekara goma sha tara ya gudu ya bar shi. Lao Fan ba ya jin Hausa, yana tsaye yana gyaɗa kai, yana jin daɗin aikinsa. Ɓangaren da ba a taɓa saurara ba ai dole ya fito sabo. Haka suka zauna, yaro ɗan shekara ashirin da biyu yana zazzaga wa mamaci rashin mutunci, tsoho ɗan sittin yana ji, 'yar mamacin na ji. Har inda ya ce 'yar da aka haifa Allah ya ji ƙanta da irin uban da ta samu. Saude ta share hawayenta da gefen mayafi, ta juyo ta dube shi. Ba ta ce a kashe ba.

Da zagin ya ƙare sai aka ji ɗan tsalle, ƙit, sai ganga.

"Ina sauran?" Munkaila ya tambaya. "Akwai wata murya a nan, gajeriya."

Lao Fan ya jawo wata 'yar leda ya miƙo masa. Guntun zare ne bai fi kamu biyu ba. Ya ɗaga shi a fitila, haske na ratsa shi kamar ɓawon albasa. Ya ce wannan wurin tun kafin ya tsinke ya riga ya mutu, an ji shi an ji shi har baƙin jikinsa ya kankare, ba mai iya tashinsa. Shi ya ɗauka ba komai a wurin.

"Mafi yawa na goge da baki," Munkaila ya ce wa Saude, idonsa a ƙasa, "sauran kuma na cinye da kunne. Ya yi maganarki, ya faɗi sunanki. Ni na hana ki. Ki yafe min in za ki iya."

Kiɗan na ta tafiya, jita na kuka, mawaƙin ya fara ihunsa. Munkaila ya miƙa hannu zai kashe kamar yadda ya saba, Lao Fan ya riƙe masa wuyan hannu.

"Tsaya. Ina so in tambaye ka wani abu. Mai gangar nan na san shi kamar matakalar gidanmu, ko a duhu ba zan yi tuntuɓe ba. Amma a kaset ɗin nan su biyu ne. Wane ne na biyun?"

Ya murɗa wani abu, ƙarar Turawan ta ja baya kaɗan. Sai ga shi. A ƙarƙashin gangar Bature akwai wani bugu siriri mai ƙarar ƙarfe, yana bin ta sau da ƙafa, wani wurin ya riga ta, wani wurin ya cike mata gurbin da ta bari. Lao Fan ya ce ba da waya aka kwafi kaset ɗin ba, rikoda aka ajiye gaban wata rikodar, don haka duk abin da ke ɗakin ya shiga.

Munkaila ya san ƙarar nan. Tasar tuwo ce, da cokali biyu. Ɗakin zaure ne a Fagge, an aro kaset da rikoda na kwana ɗaya, an rufe taga don kada tsoho ya ji. Shekara talatin da takwas mutumin na zaune a bayan ƙofar da shi ke rufewa duk Juma'a.

"Babanki ne," ya ce. "Hannunsa ne."

Saude ta jawo kujerarta kusa da lasifikar. Mai gyaran fanka na maƙwabta ya leƙo ya koma. Waƙa ta ƙare wata ta shiga, tasar ba ta gaji ba, wani wurin har ana jin ƙafa na dukan daɓe. Can wajen minti na ashirin kiɗan ya fara ja, muryar mawaƙin ta yi kauri ta yi nauyi, batir ɗin rikodar aro ya yi sanyi. Cokulan suka tsaya. Aka yi tsaki, aka yi 'yar dariya, sannan wata murya ta matso kusa, ba gaggawa, ba neman gafara, muryar mutum a ɗakinsu da rana tsaka.

"Munkaila, miƙo min batir ɗin can."

Zaren ya ƙare a nan.

Saude ta ce a mayar. Lao Fan ya mayar. Ta ce a sake, ya sake. A karo na huɗu leɓenta na bin maganar. Sannan ta juyo, fuskarta jiƙe, ba fushi a muryarta, tambaya ce kawai ta wadda ke son ta san ƙarshen zance.

"Baffa, ka miƙa masa?"

Munkaila ya buɗe baki zai ce eh, ya rufe. Ya koma ɗakin zauren nan a ransa, ya ga tagar, ya ga tabarmar, ya ga batir ɗin guda biyu a kan keken ɗinki. Ya tsaya yana jira ya ga hannunsa ya miƙa.

"Wallahi, Saude," ya ce, "ban tuna ba."